Ingancin Barci da Ƙarancin Jini a Tsakanin Ɗaliban Tsangaya da Islamiyyun Kwana na Yankin Bakolori

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dangantakar barci da ƙarancin jini a tsakanin yaran da ke kwana a inda suke karatun addini, wato almajiran tsangaya da ɗaliban Islamiyyu da makarantun hadda na kwana, a yankin noman rani na Bakolori da ya ratsa ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun a Jihar Zamfara. Ta ɗora hujjarta a kan cewa a wannan yanki abubuwan da ke hana yaro barci su ne dai suke cinye masa jini: sauro, da tsargiya, da yunwar dare. Makwancin ɗalibi shi ne mahaɗar matsalolin biyu, kuma shi ne wurin da tsare-tsaren kiwon lafiya na gwamnati suka fi tsallakewa, saboda da gida-gida da shekarun haihuwa suke lissafi. Maƙalar ta kuma nuna yadda ya kamata a gyara ma'aunin barci da masu bincike suka saba da shi kafin a shiga da shi zauren malam.

1.0 Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar yaro mai shekara 5 zuwa 11 a matsayin mai ƙarancin jini idan sinadarin himogulobin ɗinsa ya gaza giram 11.5 a kowace desilita ta jini. Ga ɗan shekara 12 zuwa 14, da mace daga shekara 15 da ba ta da ciki, iyakar giram 12 ce. Ga namiji daga shekara 15, giram 13. A Binciken Al'umma da Lafiya na Ƙasa na 2018, kashi 68 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan wata 6 zuwa 59 sun faɗa ƙasa da iyakar shekarunsu, kuma Zamfara ce ta zo kan gaba da kashi 84. Mata 'yan shekara 15 zuwa 49 kuwa kashi 58 ne a faɗin ƙasa.

A lura da waɗanda aka auna: ƙananan yara, da mata masu shekarun haihuwa. Yaro ɗan shekara tara da aka kai Mafara karatu daga wani ƙauye ba ya cikin ko ɗaya. Ya wuce shekarun rukunin farko, kuma ranar da masu ƙidaya suka je gidan ubansa ba ya nan. Amma daga cikin waccan kashi 84 ɗin ya fito, da jinin da ya taso da shi ya zo, kuma a tsangaya ne zai yi shekarun da jikinsa zai fi bukatar sinadarin ƙarfe don girma.

A Indonesiya, inda makarantun addini na kwana suke da yawa ƙwarai, masu nazarin kiwon lafiya sun daɗe suna auna barcin ɗalibai da jininsu tare, musamman 'yan mata, kuma gwamnatin can tana raba wa 'yan mata 'yan makaranta ƙwayar ƙarin jini mako-mako. Tambayar tasu ta dace da mu. Amsar ce ba za ta ɗauku ɗungurungum ba, domin ɗalibin can galibi yana da ɗaki da madafa da jadawalin cin abinci, namu kuwa sau da yawa sai ya fita neman abin da zai ci, sannan ya dawo ya kwanta a bakin fadamar da ruwa ba ya yanke mata rani da damina.

2.0 Ruwan Bakolori

An gina madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin, aka damƙa shi ga Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tafkin yana ɗaukar ruwa kimanin mita kubik miliyan 450, kuma an shimfiɗa aikin ban ruwa a kan kadada wajen 23,000, mafi yawa da na'urar feshi wadda daga baya ta tsaya. Sananne ne abin da ya faru a Birnin Tudu a watan Afrilun 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu. Masana irin su Björn Beckman da W. M. Adams sun yi rubutu a kan rikicin ƙasar da kuma asarar da manoman fadamar ƙasan dam suka tafka. Daga 2014 kuma shirin TRIMING na Bankin Duniya ya sa Bakolori cikin ayyukan da zai farfaɗo da su.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda dam ya sauya kalandar cuta. A ƙasar Hausa da aka sani, sauro na damina ne da farkon kaka. Idan hunturu ya kama, kududdufai suka ƙafe, sai ya yi sauƙi, jikin yaro ya sami 'yan watannin da zai mayar da jinin da zazzaɓi ya ci. A inda ake ban ruwan shinkafa wannan hutu yana gajarcewa. Sauron da ke yaɗa zazzaɓi ya fi son ruwa marar zurfi da rana ke duka, irin na fangalin shinkafa da sawun shanu a bakin kanal, kuma a lokacin zafi cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ƙwai ya zama sauro mai tashi.

Sai dai akwai wani abu da ya kamata a yi adalci a kansa. A 2001 Ijumba da Lindsay sun yi bitar nazarce-nazarcen da aka yi a wuraren ban ruwa na Afirka, suka tarar cewa a yankunan da zazzaɓi ya riga ya zauna, ƙauyukan noman shinkafa sau da yawa ba su fi maƙwabtansu zazzaɓi ba, wani lokaci ma sun fi su sauƙi, duk da tarin sauro. Daga cikin dalilan da suka kawo har da kuɗi: manomin rani yana da abin sayen gidan sauro da magani, yana iya gyara ɗakinsa. Wannan bayani ne ya fi komai muhimmanci ga batunmu. Garkuwar da noman rani ke bayarwa ta mai gona ce da iyalinsa. Almajirin da ke kwana a zauren maƙwabci ya sami sauron gonar, bai sami kuɗin shinkafar ba.

Baƙo na biyu da ruwan tsaye ke jawowa shi ne dodon koɗi mai ɗauke da tsutsar tsargiya. An ga haka a tafkin Bolta na Gana bayan gina madatsar Akosombo a shekarun 1960, an kuma gan shi a garin Richard-Toll na Senegal bayan an kammala madatsar Diama a 1986. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, ya shiga dodon koɗi, bayan makonni 'ya'yan tsutsa su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Sun fi fitowa da rana tsaka. Ranar Alhamis, ranar da ba karatu, da misalin azahar, sai ka je bakin kanal ka ga su wane ne a ciki: almajirai ne, wasu na wankin 'yar rigarsu, wasu sun yi tsalle sun faɗa suna kurme, wasu kuma an ɗauke su ƙwadagon dashe ko cire ciyawa, ruwa har ƙauri.

3.0 Daren ɗalibi

Cibiyar Nazarin Barci ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 ya sami awa 9 zuwa 12 a kowace rana, matashi ɗan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Mu gwada wannan da tsarin tsangaya. A wannan yanki ana sallar isha'i wajen ƙarfe takwas, asuba kuma tana kamawa tsakanin biyar da shida saura kwata, gwargwadon lokacin shekara. Bayan isha'i akwai karatun dare, a da a gindin wutar kara, yanzu sau da yawa da tocila ko fitilar sola. Idan an tashi goma, aka tayar da yara huɗu da rabi ko biyar don tilawa, abin da ya rage awa shida da rabi ne zuwa bakwai. Wannan ma idan an ɗauka yaro yana kwanciya barci ya ɗauke shi, bai farka ba sai da aka tashe shi.

Ba haka daren yake tafiya ba. Zaure ne mai ƙofa biyu, ɗaya ba ƙyaure. Tabarma ta ƙare a kan manya, ƙanana sun shimfiɗa buhu ko kwali. Allo a jingine, robar bara ita ce matashi. A bazara, lokacin da zafin rana kan haura digiri 40, bango yana riƙe da zafi har tsakar dare, sai kowa ya fice waje, inda sauro ke jira. A hunturu yaro ya naɗe cikin rigarsa ya cusa gwiwa a ƙirji. Damina kuwa ita ce mafi wuya, domin ruwa yana korar masu kwanan waje su dawo su cunkushe a ɗaki ɗaya, a daidai watannin da sauro ya fi yawa. Ga kuɗin cizo a tsagar bango, ga ƙazuwa wadda ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare. Wanda bai samu abin kirki a baran magariba ba zai kwana yana juyi. Ƙaramin da ke fitsarin kwance kuma yakan hana kansa barci da gangan don gudun tsokanar 'yan'uwa da bulalar gardi.

A Islamiyyun kwana da makarantun hadda na zamani akwai gini, akwai gado ko katifa, akwai tukunya. Abin da ke matsa su shi ne jadawali. Mai makaranta ya yi wa iyaye alkawarin sauka a shekara kaza, ga darussan boko an haɗa, sai a nemo lokacin daga dare. Wasu suna tayar da yara tun ƙarfe uku da rabi ko huɗu. Matashi kuma jikinsa ba ya ba da haɗin kai, domin idan balaga ta zo sinadarin melatonin da ke kawo barci yana jinkirin fitowa, sai ya kasa barci da wuri ko an kashe fitila, alhali lokacin tashi bai motsa ba.

Dole a ƙara tsoro a lissafin. A daren 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agustan shekarar aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura da dare, ranar 1 ga Satumba kuma aka ɗebi ɗalibai fiye da 70 a Kaya ta Maradun. Makarantun gwamnati ne duka, amma ba wani yaro a ƙananan hukumomin nan uku da bai san labarin ba. Da yawa daga sababbin almajiran manyan garuruwa ma daga ƙauyukan da aka tasa suka fito. Yaron da ya taɓa kwana a gona yana ɓuya, ƙarar babur da tsakar dare ta isa ta raba shi da barci har asuba.

4.0 Ina barci ya haɗu da jini?

Akwai hanyoyi uku da za a iya fassara dangantakar, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Hanya ta farko ita ce ƙarancin sinadarin ƙarfe ya lalata barci. Wannan tana da hujja mai kyau. Ƙwaƙwalwa tana bukatar ƙarfe wajen haɗa dofamin, kuma ƙarancinsa yana cikin sanannun musabbaban ciwon nan da likitan Suwidin, Karl-Axel Ekbom, ya siffanta a 1945: mutum ya kwanta sai ya ji kamar wani abu na bin cikin ƙafafunsa, ba ya samun sauƙi sai ya motsa su ko ya tashi ya taka. Wasu kuma ƙafar ce ke harbawa cikin barci ba su sani ba. A zaure irin wannan yaro sunansa mai shure-shure, ba mai son kwana kusa da shi. Haka nan Peirano da Algarín da Lozoff sun bi yaran ƙasar Cile da suka yi ƙarancin jini na rashin ƙarfe suna jarirai, suka ga tsarin barcinsu ya bambanta da na sauran yara har suna shekara huɗu, bayan an daɗe da yi musu magani. Idan jinin ya yi ƙasa sosai kuma, bugun zuciya da haki da ciwon kai kaɗai sun isa su hana sakewa.

Hanya ta biyu ita ce rashin barci ya rage jini. Masu wannan ra'ayi suna cewa ƙarancin barci yana tayar da alamun kumburin cikin jiki, kumburin ya sa hanta ta ƙara fitar da sinadarin hefsidin, shi kuma ya toshe shigar ƙarfe daga hanji. Kowace gaɓa a cikin wannan silsila tana da madogara, amma ni a ganina ita ce mafi rauni a Bakolori. Yaron da ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓi a jininsa wata da watanni yana da abin da zai tayar masa da hefsidin fiye da awa biyun barcin da ya rasa.

Hanya ta uku ce nake roƙon a tsaya a kanta: abu ɗaya ya ci barcin, ya ci jinin. Sauron da ya hana yaro runtsawa shi ne ya zuba masa ƙwayar cutar da za ta shiga jajayen ƙwayoyin jini ta fasa su. Ƙwayar jini lafiyayya takan yi kwana 120 tana aiki. Zazzaɓi yana gajarta wannan, saifa ta kumbura ta riƙa kwashe har waɗanda cutar ba ta shiga ba, ɓargo kuma ya yi sanyi wajen ƙera sababbi. Yaran da suka kai shekarun makaranta sukan ɗauki ƙwayar ba tare da sun kwanta ba, sai ɗan ɗumin jiki da yamma wanda ba mai kulawa da shi. Tsutsar tsargiya tana zama a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara shekara da shekaru, ƙwanta yana huda bango ya fita da jini, galibi a ɗigon ƙarshe na fitsari. Kaɗan ne kullum, amma jiki miligiram ɗaya zuwa biyu kacal na ƙarfe yake iya tsotsa a rana, don haka ƙaramin yoyo ma yana cinye ribar. Mafitsarar da ta ji rauni kuma ba ta riƙe fitsari, sai yaro ya yi ta tashi. A wurare da dama yara maza ba sa ɗaukar jinin a matsayin ciwo, tunda kowa a cikin sa'o'insu yana gani. Tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa ita ma jini take sha a hanji, kuma takalmi ba kowane almajiri ke da shi ba.

Abinci ma haka. Tuwon dawa ko na gero da ya kwana, shinkafa da mai da yaji, garin kwaki, ɗan wake: ciki zai cika na ɗan lokaci, amma ƙarfen da ke cikin hatsi ɗaure yake da wani sinadarin dusa da ke hana hanji tsotsarsa. Nama da hanta da kifi, masu ƙarfen da jiki ke karɓa cikin sauƙi, ba sa shiga robar bara. Shayin da gardawa ke sha don su jure karatun dare yana yin ɓarna biyu a kofi ɗaya, yana korar barci, yana kuma rage shigar ƙarfe idan an sha shi kusa da cin abinci. A gefe guda, jiƙa gero da tsima shi kamar yadda ake yin kamu yana sassauta wancan ɗaurin, ɗanyen tumatir da lemon tsami da gwaba kuma suna taimaka wa tsotsa. Abin takaici, a lokacin kwasar tumatir a Bakolori kwando kan yi arha har a bar shi ya ruɓe. Shi kuwa haɗin Maltina da madara da ake saya wa wanda aka ce jininsa ya yi ƙasa, daɗin baki ne kawai, ƙarfen da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba.

Ga 'yan matan Islamiyya akwai ƙarin jinin al'ada, kimanin mililita 30 zuwa 40 a wata ga mafi yawa, wasu ninkin haka. Yarinya ba za ta faɗa wa malami namiji ba, sau da yawa ko uwar ɗakin kwana ba ta faɗa wa. Sai dai a ga tana jiri a sahu, ko a kama ta tana cin farar ƙasa a yi mata faɗa, alhali kwaɗayin ƙasa sananniyar alama ce ta ƙarancin ƙarfe.

Akwai abubuwa biyu da mai bincike a Zamfara ba zai manta da su ba. Ɗaya amosanin jini: binciken 2018 ya nuna yaro ɗaya cikin biyar yana ɗauke da rabin gadon sikila, sama da ɗaya cikin ɗari kuma suna da ciwon kansa. Ɗayan kuma gubar dalma da ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010. Dalma tana hana jiki haɗa himogulobin, saboda haka a tambayi kowane ɗalibi garinsu, da ko ana daka dutsen zinariya a gidansu.

5.0 Malam da gyangyaɗi

Malamin tsangaya yana da nasa littafin a kan wannan batu. Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda ɗaliban ilmi na ƙasar nan suka sani sarai, yana kwaɗaitar da raya dare da rage ci don neman ilmi. Hannah Hoechner, a littafinta na 2018 kan makarantun allo na Kano, ta nuna yadda almajirai da iyayensu ke kallon wahala a matsayin wani ɓangare na tarbiyya. Wanda ya shiga zaure yana cewa a rage karatu a ƙara barci, an gama sauraronsa tun bai zauna ba.

Amma hujjar tana cikin gida. Hadisi ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana Abdullahi ɗan Amru raya dare gaba ɗaya, ya nuna masa jiki da ido suna da hakki a kansa, kuma ba ya son hira bayan isha'i. Ƙailula sananniya ce a wurin malamai. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya haɗa gyaran addini da gyaran jiki a littafi guda, Masalihul Insan, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi wallafe-wallafe a kan magani. Sannan nasihar Zarnuji ga baligi mai neman ilmi ce, wanda ya zaɓi hanyar da kansa, ba ga kolo ɗan shekara bakwai ba.

Hujjar da ta fi kama malam ita ce ta hadda. Tun 1924 Jenkins da Dallenbach suka nuna cewa abin da mutum ya haddace sannan ya yi barci ya fi zama a kansa fiye da wanda ya haddace ya ci gaba da harkokinsa, kuma binciken da ya biyo baya ya ƙarfafa haka. Karatun dare kafin kwanciya, a maimaita da asuba, tsari ne mai hikima matuƙar akwai isasshen barci a tsakani. Alaramman da ya daɗe da yara ya san wanda ke biya allonsa lafiya lau da dare, gari ya waye ya kasa kawo shi. Idan yaro ya gyangyaɗa a karatun hantsi akan ce lalaci ne. Kafin a ɗaga bulala, a ce masa ya matso, a ja fatar idonsa ta ƙasa, a dubi tafin hannunsa da harshensa. Idan sun yi fari fat, a tambaye shi a keɓe: "Kai yaro, fitsarinka da jini?" Zai sunkuyar da kai ya ce, "E, Allah gafarta Malam, ai duk muna yi." Wannan dubawa ba ta kama ƙarancin jini mai sauƙi, amma tana kama wanda ya kamata a kai asibiti a yau.

6.0 Yadda za a auna

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne wanda Buysse da abokan aikinsa suka fitar a Jami'ar Pittsburgh a 1989: tambayoyi 19, sassa bakwai, maki daga 0 zuwa 21, wanda ya haura 5 a ce barcinsa ba shi da inganci. Don manya aka tsara shi. Yana tambayar ƙarfe nawa ka kwanta, minti nawa ka yi kafin barci ya zo, sau nawa ka sha ƙwayar barci a watan da ya wuce. Almajiri da salla yake auna lokaci. A tambaye shi ko ya kwanta kafin a rufe masallaci ko bayan mai shayi ya tashi, ko ya ji kiran assalatu, me ya tashe shi jiya, a kan me ya kwanta, su nawa ne a ɗakin. A sa ƙailula a lissafi, a raba daren karatu da daren Alhamis da Juma'a. Kada a yi tambayar a gaban malam ko gardi, domin ba yaron da zai ce barci bai ishe shi ba a gaban wanda ke tashinsa.

Awon himogulobin da tsinin yatsa shi kaɗai ba zai raba hanyoyin nan uku ba. Sai an haɗa da gwajin zazzaɓi, da na fitsarin da aka karɓa tsakanin goma na safe da biyu na rana lokacin da ƙwan tsargiya ya fi fita, da na bayan gida, da na sikila. Idan za a auna feritin, wato ajiyar ƙarfe, a auna alamar kumburi tare da shi, don zazzaɓi yana ɗaga shi ya ɓoye ƙarancin. A maimaita a bazara da ƙarshen damina da hunturu, a kuma kwatanta makarantun da ke bakin kanal da na tudu. Idan dangantakar barci da jini ta ragu sosai bayan an cire tasirin zazzaɓi da tsargiya, hanya ta uku ta tabbata. Jami'ar jiha da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau duk a Talata Mafara suke, ga babban asibitin garin, don haka ba sai an jira baƙi ba.

Ɗibar jinin yaro a Arewa ba ƙaramin al'amari ba ne. Mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ba, kuma Zamfara na cikin jihohin da suka dakatar da rigakafin shan inna a 2003. A bi ta hannun sarakuna da shugabannin alarammomi, a nemi yardar iyaye ko ta waya ce, a nuna wa malam sakamakon ɗalibansa, kuma duk yaron da aka samu da ciwo a ba shi magani nan take.

7.0 Wanda ba ya cikin rajista

Maganin rigakafin zazzaɓi na damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, 'yan wata 3 zuwa 59 ake bai wa. Gidan sauro ana rabonsa gida-gida, ɗaya ga mutum biyu, kuma nazarin Noor da abokansa na 2009 a ƙasashen Afirka 18 ya nuna 'yan shekara 5 zuwa 19 su ne mafi ƙarancin kwana a cikinsa, su da ke gaban iyayensu ke nan. Ƙwayar firazikwantel ta tsargiya da albendazol ta tsutsar ciki an fi raba su ta makarantun firamare. Kowace ƙofa da ɗalibin tsangaya ya nufa, an rubuta sharaɗin da ya fitar da shi.

Ƙa'idojin kansu sun riga sun buɗe. A 2022 Hukumar ta ce a inda tsargiya ta kai kashi 10 cikin ɗari a bai wa kowa magani daga shekara biyu, ba 'yan firamare kaɗai ba, ta kuma yarda da ba 'yan shekara 5 zuwa 15 maganin kariya daga zazzaɓi lokaci-lokaci. Tun 2023 akwai hukumar tarayya ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, wadda za ta iya ɗaukar wannan a matsayin aikinta. Abin da zan yi gargaɗi a kai shi ne gaggawar kwaikwayon Indonesiya a fara da ƙwayar ƙarin jini. A gwajin tsibirin Pemba na Tanzaniya da aka wallafa a 2006, ƙananan yaran da aka ba ƙarfe a yankin zazzaɓi sun fi kwanciya a asibiti, shi ya sa aka shardanta a haɗa shi da kariya da maganin zazzaɓi. Tulun da ke yoyo, sai an toshe shi ake ɗura ruwa. A fara da gidan sauro da maganin tsutsa, ƙwayar ƙarfe ta mako-mako ta biyo baya, a hannun malam ko uwar ɗakin kwana, mai sikila kuma likita ne zai yanke masa hukunci.

Gidan sauron ma sai an yi tunanin yadda za a ɗaura shi. Na gado ɗaya ba ya aiki a zauren da yara ashirin ke jere, kuma wanda aka miƙa wa yaro a hannu zai iya ƙarewa a kasuwar Talata ko a shingen lambu. Igiya biyu a tsawon ɗaki, gidajen sauro a jere a kansu, a matsayin kayan makaranta da babban gardi ke naɗewa da safe, da raga a taga da labule mai magani a ƙofa, sun fi dacewa. Sanin adadin makarantun kuma ba sabon aiki ba ne. Ma'aikatan rigakafin shan inna sun shekara suna shiga makarantun allo, kuma taswirar aikinsu ta kowace mazaɓa tana ɗauke da su. Sashen lafiya na ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun ya ɗauko wannan jeri, ya ƙirga masu kwana a kowace makaranta, ya rubuta ta a matsayin gida mai mutum kaza kafin rabon gidan sauro na gaba.